Kuna Tinƙaho da Asali, Kun Kasa Karanta Rubutun Kakanninku

Mu mutane ne masu son a ce mu jikokin wane ne. A wurin ɗaurin aure ana jero mana kakanni muna washe baki. Amma a ɗauko gafakar kakan nan, a zaro takarda guda a miƙa wa mai digiri biyu, sai ya juya ta sama da ƙasa ya ce a kai wa malam. Wannan abin kunya ne, kuma sakacinmu ne ya jawo shi.

Cikin takardun nan salsalar gida take. Malaman dā idan sun gama kwafar littafi sukan sa sunansu da na mahaifinsu a ƙarshe. Akwai takardun rabon gado, da shaidar sayen gona, da wasiƙun sarakuna, wasu da Larabci wasu da ajami. Galibinsu da hannun Magaribi aka rubuta su, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yaron da bugun Hafsi kaɗai ya sani a Islamiyya zai ga ƙaf ya karanta fa, sunan kakansa ma ya kuskure.

Kada a laɓe bayan Turawa. Gaskiya ne Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, boko kuma ya mamaye ofis. Amma yau wa ya hana ka koya wa ɗanka ajami? Da aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007 mun yi ta kumfar baki, alhali gara na cin kundin gidanmu a cikin adaka.

Amurkawa sun yi irin wannan wauta. A 2010 sabon tsarin karatunsu ya bar rubutun haɗe a baya, har ma'ajiyar tarihin ƙasar ta koma neman 'yan sa-kai masu iya karanta tsofaffin takardu. Kalifoniya ta farga, ta yi dokar dawo da shi a 2023. Mu fa, me muke jira?

Dattawan da suka iya hannun nan kullum raguwa suke yi. Ku buɗe adakokinku, ku zauna gabansu su karanta muku, ku ɗauki hoton kowane shafi da waya. Abin da ya gagara a nemi masana a Gidan Arewa da ke Kaduna ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Wanda ya ƙi, ran da rigimar gona ta tashi sai ya biya bare ya karanta masa sunan kakansa a gaban alƙali.