Kafin Yaro Ya Kai Aji Ɗaya

Duk shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito, sai mu taru mu yi wa malaman makaranta ca. Suna da nasu laifin, gwamnati ma tana da nata. Amma yaron da aka kai aji ɗaya a Garki ko Ringim ko Jahun yana ɗan shekara shida, an riga an gama kaso mafi tsoka na ginin jikinsa da ƙwaƙwalwarsa tun malami bai san sunansa ba. Likitoci suna kiran wannan lokaci kwana dubu na farko, wato daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Kafin ya kai shekara biyar kuwa, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, alhali a faɗin Najeriya kashi 37 ne. Tsumburewa ba ta tayar wa iyaye hankali kamar tamowa mai kumbura ƙafa. Yaro yana gudu, yana wasan ƙasa, sai a ce gajarta ce ya gado wajen kakansa. Ba gado ba ne a mafi yawan lokuta. Jikin da ya rasa abin gina ƙashi, ya rasa abin gina ƙwaƙwalwa ma.

Mu mutanen Garki bai kamata a ba mu labarin zazzaɓin cizon sauro ba. Tsakanin 1969 da 1976, muna cikin tsohuwar Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike a ƙauyukanmu. An yi feshin maganin sauro a ɗakuna, an raba magani ga babba da yaro, an riƙa ɗibar jini ana dubawa. Cutar ta ja baya sosai, mutuwar jarirai ta ragu, amma da aka tattara kaya aka tafi sai ta dawo inda take. Littafin da aka buga a kan aikin a 1980 har gobe masana suna karanta shi a jami'o'in duniya. Abin da ke yi mini ciwo shi ne, jikokin waɗanda aka ɗebi jininsu suna nan suna kwana ba gidan sauro. Zazzaɓin da ke ta komowa yana shanye jinin yaro, wanda ya hau kai har yaro ya yi jijjiga kuma yakan bar tabo a ji ko magana ko fahimta. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bai wa ƙananan yara duk wata a damina yana aiki, muddin uwa ta ba da ragowar na kwana biyun da aka bar mata.

Batun abinci kuma, an gwada an gani a nan jihar. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri da tallafin Birtaniya a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, da wasu ƙananan hukumomi biyu a Zamfara. A lokacin ana bai wa mai juna biyu naira 3,500 duk wata har ɗanta ya cika shekara biyu, ana kuma wayar da kanta da na mijinta kan shayarwa da ciyarwa. Masu bincike sun tarar tsumburewa ta ragu da kusan kashi 8 cikin 100. Kuɗin ba su da yawa, sanin inda za a sa su ne ya taimaka. Muna noma riɗi da wake da gyaɗa, a loda su a mota a nufi kasuwar Maigatari, yaron gida kuma a ɗura masa koko tsararo safe da yamma. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, akwai inda ake hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata.

Amma abin da na fi so mu tsaya a kai ba ya cin ko kwabo. A shekarun 1986 da 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, an zaɓi wasu yara da suka tsumbure, ma'aikatan lafiya suna zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu. Aikinsu shi ne nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yaba masa idan ya yi ƙoƙari. Kayan wasan ma na gida ne, da tarkace aka haɗa su. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Mu fa? Muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tsawa da bulala kawai muke nufi. Jariri ya yi gwalantu yana kallon fuskar uwarsa, sai a ce bai san komai ba, alhali hira yake nema, kuma amsar da aka ba shi ita ke ɗaura jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa. Amarya mai ɗan fari tana jin nauyin yi masa wasa a gaban surukai. Alkunya abu ne mai kyau, ina girmama ta, amma kada ta kai ga yaro ya wuni a goye ba wanda ya tanka masa. A da kaka ce ke cike wannan giɓi: ta kira jikan mijinta, ta kira jikanyar kishiyarta, ta yi tawai, da dare ta yi tatsuniya. Yanzu ana miƙa wa ɗan shekara biyu waya don ya yi shiru, waya kuwa ba ta amsa gwalantu. Uba kuma, da yawanmu sai yaro ya isa aike muke sanin muryarsa.

Ina kira ga hukumar lafiya matakin farko da ke Dutse: ma'aikatan da ke shiga gidaje don rigakafi, da masu awon ciki a asibitocin karkara, a horar da su su ƙara 'yan mintoci suna nuna wa iyaye wasa da hira da jariri, a kuma sa kuɗin horon a kasafi, kada a jira masu tallafi daga waje. Limamanmu su ma suna da dama a hannu. Ranar suna maza sun taru a ƙofar gida, uban jariri yana zaune a gaba. Bayan addu'a, liman ya gaya masa a bainar jama'a cewa nono zalla ne har wata shida, gidan sauro wajibi ne, kuma ɗaukar yaron nan da yi masa magana kullum aikinsa ne shi ma.