Ni Ma Na Yi Tafin

Yau ku yi mini haƙuri, na ajiye labarin soyayya gefe. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar da na haɗu da wata 'yar ajinmu a gidan biki.

Tare muka shiga makarantar kwana muna 'yan shekara sha biyu. Yarinya ce mai fara'a da surutu, ga ƙoƙari, a lissafi ba ta wuce ta ɗaya ko ta biyu. Matsalarta guda ce, tana fitsarin kwance. A sati na uku wata siniya ta gano, ta sa aka ɗora mata katifar a ka, aka zaga da ita ɗakunan kwana ana tafi ana yi mata waƙar amalala. Ni ma na yi tafin, don duk wadda ba ta tafa ba ita ce ta gaba. Daga ranar sunanta na yanka ya ɓace.

Muna gani ta daina shan ruwa daga la'asar. Da dare takan zauna a bakin gado tana gyangyaɗi don tsoron barci, da safe ta yi barcin a aji malami ya zane ta. Kullum ciwon ciki, kullum ciwon kai. Ta koma can ƙasan aji. A aji biyu ta fara firgita tana ihu cikin dare, sai aka ce ai aljanu ne. Aka kai ta gida ruƙiyya, ba ta dawo ba.

Na san abin da wasu za su ce: "Mu ma haka siniyoyi suka yi mana, ga shi mun zama mutane." Wannan magana ce na daina yarda da ita. Wanda ya tsira shi ke ba da labarin, wanda bai tsira ba ba ya zuwa taron tsofaffin ɗalibai.

Kuma abin ba kaɗan ba ne. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zalin 'yan uwansa ɗalibai a cikin wata guda, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa rabi. A Birtaniya masana sun bi rayuwar yara sama da 7,000 da aka haifa a 1958 har suka kai shekara hamsin. Sakamakon da suka fitar a 2014 ya nuna waɗanda aka riƙa cin zalinsu a ƙuruciya sun fi sauran fama da ciwon damuwa, fargaba da tunanin kashe kai, bayan kusan shekara arba'in da faruwar abin. Yaron da ke kwana yana tashi cikin tsoro barcinsa ke fara lalacewa, sai karatu, daga nan ya fara yarda cewa sunan da ake kiransa da shi shi ne gaskiyarsa. A makarantar kwana kuma babu wajen gudu, mai cin zalinka gadonta na kusa da naka.

Ba na musun addu'a, Allah Ya kiyaye. Amma kafin a kira malam, wa ya zaunar da yarinyar nan ya ce, "'Yata, me ake yi miki a makaranta?" Babu. A 2024 da bidiyon wata ɗaliba da ake sharara wa mari a wata makarantar kuɗi a Abuja ya bazu, ƙasa ta ɗauka, har aka rufe makarantar na 'yan kwanaki. Don an ga marin ne. Suna, tsangwama da ƙin zama kusa da mutum ba sa barin shaida a jiki, yanzu kuma waya na bin yaro da su har ɗakin uwarsa.

Mu marubuta ma muna da namu kason. Littafi nawa muka karanta inda aka gallaza wa yarinya tun tana ƙarama, matar uba ta dake ta, 'yan aji su wulaƙanta ta, sai a babi na ashirin wani Alhaji mai Marsandi ya aure ta, shi ke nan komai ya goge? Ta yi fari, ta yi ƙiba, ta manta. Wallahi ba haka zuciya take ba. Muna koya wa mai karatu cewa haƙuri da miji na gari su ne maganin kowane tabo, shi ya sa idan ya ga wadda ba ta warke ba sai ya ce ita ce mai riƙo.

A wajen bikin na ja ta gefe na roƙe ta gafara. Yanzu 'ya'yanta huɗu. Ta yi murmushi ta ce ta yafe tuntuni, ba ta ma tuna fuskar kowa, ƙarar tafin kawai take tunawa. Na ce ta kwana mana mu yi hira, ga ɗaki an ware mana. Ta ɗauki mayafinta ta ce, "A'a ƙawata, ni har yau ba na iya kwana a gidan wani."