Fim ɗin intanet: saye ne ko aron gona?

Manomin ƙasar Hausa ya san bambancin gonar saye da gonar aro. Ta aro, ko shekara talatin ya yi yana nomanta, ranar da mai ita ya waiwayo sai ya saɓa hauyarsa ya fita. To, manyan kamfanonin da ke sayar da fina-finai ta intanet sun gano dabarar gama biyun wuri guda: su amshi kuɗin saye, su ba da aro.

A ƙarshen Agusta 2021 kamfanin Sony na Japan ya daina sayar da fina-finai a shagonsa na PlayStation, tare da tabbatar ma jama'a cewa abin da suka riga suka saya yana nan daram. Shekara guda cif bayan haka, ran 31 ga Agusta 2022, mutanen Jamus da Ostiriya suka wayi gari fina-finan StudioCanal, reshen kamfanin Canal+ na Faransa, sun ɓace daga ma'ajinsu. A Jamus kaɗai sun zarce 300. A Disamba 2023 kuma Sony ya sanar zai share shirye-shiryen Discovery da mutane suka biya kuɗinsu, sanarwar kuwa ba ta ce uffan ba game da maida kuɗi. Ba sabon abu ba ne: tun 2009 Amazon ya kutsa cikin na'urorin Kindle ya goge littafin George Orwell mai suna "1984", littafin da shi kansa labarin hukuma mai shafe tarihi ne. Wancan karon dai an maida kuɗin.

Ta yaya haka ke yiwuwa? Mai saye ba ya mallakar fim ɗin. Fim ɗin na kwance cikin kwamfutocin kamfani, ko da an sauko da shi kan wayar salula yana kulle, makulli kuma na hannunsu. Abin da aka biya kuɗinsa izinin kallo ne, kuma an rubuta haka cikin doguwar yarjejeniyar nan da kowa ke amincewa da ita ba tare da ya karanta ba. Shi kansa shagon haya yake daga masu haƙƙin fim, na wani wa'adi. Ranar da giwayen biyu suka saɓa kan farashi, ciyawa ce ke shan takawa.

Masu kare kamfanonin na cewa irin wanga abu bai cika faruwa ba, kuma kaset na harɗewa, faifai na karcewa. Gaskiya ne. Amma kaset ɗin da aka sayo a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, in ya lalace, zafi ne ko ƙura suka ci shi. Mai shago bai taɓa ƙetaro katanga cikin dare ya ɗauke shi ba. Ana iya ba maƙwabci aronsa, a sayar da shi, a bar ma magada. Fim ɗin intanet ba ya shiga rabon gado.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka a Satumba 2024, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2025. Ta hana shagunan intanet amfani da kalmar "saye" sai sun bayyana ƙarara cewa izini ne kawai, ko kuma sun ba da kayan da ake ajiyewa har abada, a kalla ba tare da intanet ba. Mataki ne, amma gajere: ya gyara kalma, bai hana ƙwace ba. Abin da ya cancanta hukumomi su tilasta shi ne, duk shagon da ya janye fim ya maida kuɗi ko ya miƙa kwafi marar kulle.

Batun Discovery kuwa, da surutu ya yi yawa Sony ya ja da baya kafin Disamba 2023 ya ƙare, bayan sabuwar yarjejeniya da Warner Bros. Discovery. Aka ce shirye-shiryen za su zauna aƙalla wata 30. Waɗanda suka biya kuɗin, ba a gayyace su wurin sa hannu ba.