Sharhi: Halittun cikin laka, ma'aunin tsaftar ruwan Ogoni

A watan Agustan 2011, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan yankin Ogoni na Jihar Ribas, inda ta yi hasashen cewa gyara ɓarnar da malalar mai ta yi zai iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30. A watan Yunin 2016 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin tsaftacewar a garin Bodo, aikin da hukumar HYPREP ke gudanarwa.

Tambayar da ke gaban hukumomi yanzu ita ce: da me za a auna cewa ruwan ya gyaru?

Gwajin ruwa a kwalba bai wadatar ba. A mahaɗar kogi da teku, ruwa na tumbatsa ya janye sau biyu a kowace rana, don haka samfurin da aka ɗiba da safe yana iya bambanta da na yamma. Ɗanyen mai kuwa kan nutse cikin laka ya daɗe a can, ko da saman ruwan ya yi garau.

Wannan ne ya sa masana muhalli ke komawa ga halittun da ke zaune a ƙasan ruwa: dodon koɗi, kawa, kaguwa da tsutsotsin laka. Kifi na iya tserewa daga gurɓataccen wuri, amma waɗannan ba sa yin nisa. A lakar suke ci, a nan suke hayayyafa, wasu na rayuwa tsawon shekaru. Yanayinsu shaida ne na abin da ruwan ya sha fama da shi.

Hanyar awon ba ta da sarƙaƙiya. Ana ɗebo laka, a tace ta da rariya, a ƙirga ire-iren halittun da ke ciki. Inda ruwa ke da lafiya, akan tarar da jinsuna masu yawa. Inda ya gurɓace, sai jinsunan su ragu, wasu tsutsotsi masu jure ƙarancin iskar shaƙa su mamaye wurin. Sai dai yawan gishiri da sauyin damina da rani ma kan canza adadinsu, shi ya sa ake kwatanta sakamakon da na wurin da mai bai taɓa ba.

Batun ya shafi tukunyar talaka. Matan yankin da dama na rayuwa da tsintar dodon koɗi a gaɓar ruwa, kuma halittun da ke cin laka na iya tara guba a jikinsu har ta kai ga mai ci.

Ya kamata HYPREP da hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai su riƙa wallafa irin wannan ƙidaya a kai a kai, ta yadda al'umma za ta ga ko halittun na dawowa kafin a ce an kammala aiki.