'Yar Girkawan Duwala da ƙauyen babanta

Wannan makon labarin wata mata zan ba ku. Ba Bahaushiya ba ce, ba kuma addininmu ɗaya ba, amma duk sanda na tuna hirarmu sai in ji kamar a tsakar gidana aka yi abin.

Na yi shekaru ina ɗauko riɗi daga Garwa da Marwa ina kawowa Duwala. Cikin masu saye a hannuna akwai wata Bagirkiya mai gidan burodi, za ta girme ni da kamar shekara goma. Girkawa suna da wani burodi mai siffar awarwaro da ake lulluɓe shi da riɗi, kuluri suke ce masa, shi ya sa ba ta wasa da kayana. Sai ta damƙa, ta sansana, ta tauna, kafin buhu ya hau sikeli. Ina ce mata Madam, tana ce mini Alhaji. Da Faransanci muke magana, nawa na kasuwa, nata na makaranta.

Girkawa dai ba baƙin 'yan kasuwarmu ba ne. Harafin Z da ke cikin PZ sunan wani Bagirke ne, Zochonis. Mai kamfanin Leventis ma Bagirke ne daga tsibirin Saifrus. A Kamaru sun daɗe cikin sayen koko da kofi da buɗe gidajen burodi. Baban Madam yana cikin waɗanda talauci ya koro bayan yaƙin basasar Girka na 1946 zuwa 1949. Wasu sun nufi Ostareliya bayan yarjejeniyar 1952, wasu masana'antun Jamus ta Yamma bayan ta 1960. Shi kuwa ya bi wani kawunsa zuwa Afirka, daga baya aka aiko masa da mata daga ƙauyensu. A Duwala aka haifi Madam.

Wata rana muna jiran a gama awo, ta gan ni ina faɗa da 'yata a waya. Da na ajiye sai ta ce, "Alhaji, muryar babana na ji." Daga nan labari ya ɓalle.

Ta ce duniyarta gida ne, makaranta, kanti, sai coci ran Lahadi. In an tashi daga makarantar Faransanci akwai darasin Girkanci, don kada harshe ya ɓata. Ba ta zuwa silima, ba ta zuwa gidan ƙawa sai in 'yar Girkawa ce, kuma da rakiyar uwa. Yayanta kuwa an saya masa babur, sai tsakar dare yake shigowa, ba mai tanka masa. Da yamma ita da uwarta ɗinkin zannuwan gado suke yi suna tarawa a akwati, saboda proika, wato dukiyar da iyayen amarya ke haɗawa ta tafi da ita gidan miji. Ta fi kayan ɗakinmu nauyi, don har gida ko gona ake sawa a ciki.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, tun tana 'yar shekara 12 ita ke karanta wa babanta takardun kwastan da na haraji, don Faransancinsa bai nuna ba. Ita ke riƙe littafin bashi. Ta ce, "An yarda da ni a kan kuɗin kanti, ba a yarda da ni in tsallaka titi ba." In ta tambayi dalili, amsa ɗaya ce: me mutane za su ce? Mutanen nan kuwa 'yan iyalan Girkawa ne da ake haɗuwa da su a bakin coci, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa.

Bayan faɗuwar mulkin sojan Girka a 1974, aka kai ta Atens a karon farko, don a nuna mata wani da dangi suka zaɓa mata. A can ta ga abin da ba ta zata ba. 'Ya'yan baffanninta mata suna jami'a, suna sa wando, suna hawa bas su kaɗai. Suka riƙa yi mata dariya wai rigarta ta kakanni ce, Girkancinta ma na tsofaffin ƙauye ne. Da aka je ƙauyen da babanta ke rantsuwa da shi, sai ta tarar da gidaje a kulle, 'yan tsofaffi ne kawai suka rage, samari duk sun watse birni da ƙasashen waje. Ashe ƙauyen da aka yi mata tarbiyya da dokokinsa, a kan babanta kaɗai ya saura. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ko proikar da ta ɓata ƙuruciyarta tana ɗinkawa, a 1983 majalisar Girka ta soke ta a sabuwar dokar iyali.

Ta ƙi mutumin. Ta roƙi a bar ta a Atens ta karanta haɗa magunguna, baban ya ce sam. Ya yi wata da watanni ba ya mata magana sai ta bakin uwarta. Yayan da aka sake wa linzami ya tafi Faransa karatu, bai dawo ba. Ita da aka tsare ita ta riƙe gidan burodin, ita ta yi jinyar tsohon har ya cika.

Kada ku ɗauka a Duwala kawai aka yi haka. A 2002 an yi wani fim a Amurka, My Big Fat Greek Wedding, wanda Nia Vardalos ta rubuta ta kuma fito a ciki, ita ma 'yar Girkawa ce da aka haifa a Kanada. Labarin wata budurwa ce a Shikago da ke aiki a gidan abincin babanta, ana ta matsa mata ta auri Bagirke. Duniya ta sha dariya. Madam ta ce ita ko rabi ba ta iya kallo ba.

Na tambaye ta ko tana jin haushinsa. Ta ce a'a. Mutum ne da ya bar komai, yana ƙasar da ba ya jin harshenta sosai, abin da ya rage masa shi ne sunansa, sai ya ɗora sunan nan kacokan a kan 'yarsa. Tsoro ne, ba mugunta ba. Ta gode masa da Girkancin da take ji, da sana'a, da riƙon amana. Amma ta ce tsananin ya koya mata abu ɗaya da har yau take kunyarsa: ƙarya. Ta je silimar, ta yi ƙawayen, duk a ɓoye. Da wani abu ya same ta a lokacin, babanta ne na ƙarshe da zai ji.

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Faɗan da Madam ta ji, a kan makarantar koyon aikin jinya ne da 'yata ke so a Yawunde, na kuma ce mata a'a kafin ta rufe baki. Ni ma na fi shekara 30 da barin Katsina. Zuwan da na yi na ƙarshe, 'ya'yan ƙannena mata biyu suna jami'a, da hijabinsu da mutuncinsu, iyayensu na alfahari da su.

Ban ce a saki tarbiyya ba, jama'a. Birnin baƙunta yana da haɗarinsa, duk mun sani. Amma kafin in sake cewa a'a, ina tambayar kaina: wannan hanin, addini ne ya zo da shi, ko haɗari ne na gani da idona, ko kuwa bakin 'yan unguwa nake tsoro? Kuma dokar da na kafa mata, na kafa wa yayanta?

Na ce ta kawo takardun makarantar mu duba tare. Bayan Sallah ni da gwaggonta za mu je mu ga ɗakin kwanan ɗalibai da idonmu. Ban yanke hukunci ba tukuna, amma yanzu in na shigo gida ba ta ɓoye wayarta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.