Tusar jaki: Wadda ake ɓoyewa ta fi buƙatar likita

Jama'a, duk wanda ke zaman kasuwa, daga ƙauyukan Gouna har zuwa kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis, ya san tusar jaki, ɗan tsiron nan mai kaushi da ke fitowa a yatsa ko tafin ƙafa. Ba sammu ba ne. Ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira HPV, mai iri sama da 100, tana shiga ne ta inda fata ta tsage. Shi ya sa ta fi damun mahauta da masu gyaran kifi, waɗanda hannunsu kullum a jiƙe yake, ga kuma yankan wuƙa.

Ta hannu ba abin tashin hankali ba ce. A jikin yara galibi takan tafi da kanta cikin shekara 2. Idan ta dame mu, akwai maganin shafawa mai sinadarin salisilik da ke cinye ta a hankali. Amma ɗaure ta da zare ko yanke ta da reza, kamar yadda muka saba, yaɗa ta yake yi, balle a ce reza ɗaya ce ta bi mutum biyar.

Inda gizo ke saƙar shi ne wadda ke fitowa a al'aura ko dubura, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Kunya kan sa mace ta ce basir ne, ta kira mai tallar magani a tire ta sayi kafso, alhali kafso ba ya kashe wannan ƙwaya. Ribar mako guda ta tafi a banza. Wasu kuma su ɗiga mata abu mai ƙuna, su mayar da ɗan tsiro ya zama gyambo. A asibiti ana iya shafa mata magani, ko a ƙone ta, ko a cire ta, amma mai ciki ta faɗa tun farko, domin wani maganin bai dace da ita ba. Kuma tunjere ma kan fito da ƙuraje masu kama da ita, sai an gwada jini ake rarrabewa.

Abin takaici, mun sha jin aure ya mutu a kan wannan. Ya ku magidanta, ƙwayar kan kwanta a jiki watanni ko shekaru ba tare da alama ba, kuma namiji kan ɗauke ta bai sani ba. Fitowar tsiro a jikin uwargida ba hujja ba ce a kanta. Ku tafi likita tare, a duba ku duka.

Iri na 6 da na 11 ne ke kawo yawancin tsiron al'aura, su kuwa ba kasafai suke zama daji ba. Amma 'yan uwansu, na 16 da na 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, kuma ba sa fito da tsiron da ido zai gani. Saboda haka macen da ta ga jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke mata, ta rufe rumfa ta nufi asibitin gunduma a Mirriah ko babban asibitin Zinder.

Rigakafin wannan ƙwaya ya samu tun 2006, maƙwabtanmu na Nijeriya kuma sun fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoban 2023, har da Kano. Mu ma in mun kai yara awo, mu tambayi ungozoma yadda 'ya'yanmu mata za su same shi.