Kaye na biyu: abin da sufeto ba ya gani a ajin Zogona

Kowane malamin firamare a ƙasar nan yana da littafin rubutu guda da ba ya wasa da shi, wanda muke kira kayen shirin darasi. A ciki yake tsara abin da zai koyar gobe: minti nawa za a ba gabatarwa, minti nawa yara za su yi aiki a kan allunansu, wace tambaya zai yi, wace amsa yake tsammani. Darakta ya duba ya sa hannu. Sufeto kuwa in ya zo, shi yake fara nema tun kafin ya zauna. Ba ni da ja da wannan kaye, don malamin da ya shiga aji ba shiri ya ci amanar yara. Sai dai duk abin da ke cikinsa labarin gobe ne. Babu shafi ko guda da aka keɓe don abin da ya auku bayan an shiga aji, alhali kuwa a nan ne aikin yake.

Shi ya sa nake ganin ya kamata kowane malami ya riƙe kaye na biyu, nasa na kansa, wanda ba mai sa masa hannu. Bayan an tashi, ya ɗauki minti goma ya rubuta abin da ya gani. Ni shekara goma sha ɗaya ke nan ina yin haka a Zogona, da Hausa nake rubutawa, kuma abin da na koya daga waɗannan kaye-kayen ya fi abin da na samu a duk tarurrukan ƙara wa juna sani da na halarta.

Mai karatu da bai san unguwarmu ba, bari in ɗan kwatanta masa. Zogona tana maƙwabtaka da Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, don haka a layi guda za ka tarar da ɗalibin jami'a mai haya, da mahauci, da mai gyaran babur, da 'yar kasuwa. Mu Hausawan Wagadugu a da cibiyarmu Zangwattin ce, har aka rushe ta a 2003 saboda shirin ZACA na sabunta tsakiyar birni, jama'a suka watsu unguwa-unguwa. Tun daga lokacin yaron Bahaushe ya daina tashi a inda kowa ke jin harshensa. A ajina na bana, yara 84, akwai masu Mosanci, su ne suka fi yawa, akwai masu Hausa, da Fillanci, da Julanci, da Gurmanci, da 'yan Zabarmawa biyu. Dukansu kuma da Faransanci za a yi musu jarrabawar CEP in sun kai CM2.

To me kaye na biyu yake nuna wa mutum?

Ɗauki lissafi. Akwai yarinyar da kullum take faɗuwa a jadawalin ninkin biyar, in ka ce biyar sau ashirin sai ta yi shiru tana kallon ƙasa. Na rubuta sunanta a kaye sau uku a wata guda. Ran nan na biya ta bakin kasuwar Zogona na tarar da ita tana tallan ƙosan uwarta, tana ba da canji ba ko gargada. Dalili kuwa kowa ya san shi amma ba mai kawo shi aji: a ƙasashen sefa ba da faran muke ƙirga kuɗi ba, da dala muke yi, dala guda kuwa faran biyar ce. Faran 100 a bakinmu dala ashirin ne. Faran 500 dala ɗari, Mosawa su ce koabga, wanda shi ma ɗari yake nufi. Faran 1,000 jaka guda, wato dala ɗari biyu. Ashe yarinyar nan wuni take tana ninkawa da biyar tana rabawa da biyar a kanta, da saurin da ya fi nawa. Abin da ba ta sani ba shi ne, abin da ake tambayar ta a kan babban allo shi ne wanda take yi a bakin faranti. Da na fara darasin da dala kafin in koma faran, cikin kwana biyu aka wuce wurin. Kuma ba ita kaɗai ba, duk 'yan tallan ajin suka farka tare.

Wannan ba ya cikin littafin jagoran malami ko ɗaya da aka taɓa ba ni. Da ban rubuta ba kuwa, da badi na manta, don kan malami kamar rariya yake, yara 84 suna zubowa kullum.

Haka batun harshe. Da ka tara rubutun shekara uku ko huɗu ka jera, sai ka ga kurakuran yara ba barkatai suke ba, kowane harshe da irin tuntuɓensa. Yaron Bahaushe ba ya rarrabe p da f, saboda a bakinmu sauti guda ne, shi ya sa kalmar Faransanci ta burodi da ta yunwa, pain da faim, suke zame masa abu ɗaya a shifta. Ɗan Mosi ba ya da wannan damuwa, kuma sautukan hanci na Faransanci ba sa ba shi wuya don akwai irinsu a harshensa. Amma shi kuma il da elle suna rikita shi, domin Mosanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna. Bahaushe ya zo da shi da ita tun daga gida, nan take yake gane le da la. Inda yake faɗawa rami shi ne in jinsin ya saɓa: a wurinmu rana mace ce wata namiji, a Faransanci kuwa akasin haka ne. Don haka in ka ga yaro ya rubuta la soleil, kada ka ce daƙiƙi ne. Nahawun da uwarsa ta koya masa yake bi, kuma daidai ya bi shi. Abin da yake bukata a gaya masa a fili: a nan harsunan biyu suka raba hanya.

Sai almajiran makarantar allo, masu zuwa mana bayan sun yi karatun asuba. A CP1 za ka ga sun buɗe kaye ta baya, sun fara rubutu daga dama. Sabon malami yakan ɗauka rashin tarbiyya ne ko taurin kai. Wallahi waɗannan yaran sun riga sauran da nisa, don sun san cewa alama a kan allo tana ɗauke da sauti, sun iya riƙe alƙalami, sun saba da hadda. Juya musu hanya kawai ake yi.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce, malam, ina lokacin? Mutum ya wuni a tsaye cikin zafin watan Afrilu ƙarƙashin kwano, ya dawo da tulin kaye-kayen gyara, ga shirin gobe, ga darasin yamma da yake yi a gidajen masu hali don albashi ya kai ƙarshen wata. Gaskiya ne. Shi ya sa na ce minti goma, ban ce a rubuta littafi ba. Layi biyar sun isa. Wata rana abin da ke kayena bai wuce "yau ba wanda ya gane rabawa, gobe a zo da murafun kwalba" ba. Wasu kuma tsoro suke ji kada kayen ya faɗa hannun da ba su so, a ce ga shaida malami ya kasa darasi. Maganin wannan mai sauƙi ne, kaye ya zauna a gida, sunayen yara kuma a taƙaita su da harafi guda, musamman in abin ya shafi sirrin gidansu.

Abin da ni nake tsoro daban ne. Kada wani babba ya karanta wannan ya ce ra'ayi mai kyau, ya mayar da shi doka, a buga fom mai gida-gida a ce kowa ya cike ya kawo ran Juma'a. Ranar da aka yi haka kaye na biyu ya mutu, domin abin da sufeto zai karanta, abin da sufeto yake son ji ake rubutawa a ciki.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ta fi ƙarfin malami ɗaya da ajinsa. A ranar 30 ga Disamba 2023 majalisar riƙon ƙwarya ta gyara kundin tsarin mulki, harsunan ƙasa suka samu matsayin harsunan hukuma, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. An yi ta murna. Amma ba yau aka fara ba. A 1979 an shigar da Mosanci da Julanci da Fillanci a wasu makarantu don gwaji, aka dakatar da shirin a 1984. A 1994 aka sake gwadawa a Nomgana da Goue, kusa da Lumbila, da taimakon ƙungiyar OSEO ta Suwizalan ƙarƙashin jagorancin Paul Taryam Ilboudo. Yaran da suka fara da Mosanci sannan suka shiga Faransanci sun zana CEP a 1998 bayan shekara huɗu kacal, kuma sakamakonsu ya fi matsakaicin na ƙasa, wanda ake samu bayan shekara shida. Daga nan makarantun harshe biyu suka yaɗu, suna gama firamare a shekara biyar. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1973 suka buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram. A Najeriya ma Farfesa Babs Fafunwa ya yi irin wannan da Yarabanci a Ile-Ife daga 1970.

Wato dai an daɗe da sanin cewa yaro ya fi saurin koyo da harshen da yake mafarki da shi. Sai dai Nomgana ƙauye ne da kowa ke jin Mosanci. Ajin Zogona fa, mai harshe shida? In aka ce gobe a koyar da Mosanci, yawancin yaran Hausawa za su bi, don a titi suka tsince shi, sun ma fi iyayensu iyawa. Amma yaron da ya iso bara daga Jibo ko Arbinda da Fillanci kaɗai a bakinsa, ya tashi daga baƙon harshe guda ya faɗa biyu. Kuma irinsu ba kaɗan ba ne. A farkon 2023 makarantu sama da 6,000 ne suke rufe saboda rashin tsaro, yara fiye da miliyan guda suka rasa aji, wani kaso nasu kuma a biranen nan suka sauka, a kan bencinmu. Ba wani masani a ofis da zai iya gaya maka yadda ake koyar da irin wannan aji. Waɗanda suka sani su ne masu yin sa kullum, su kuwa ba sa rubutawa. Malama ta yi shekara talatin tana ƙirƙiro dabaru, ta yi ritaya, a yi mata walima a ba ta atamfa, dabarun su bi ta gida.

Daga yaran nan 'yan gudun hijira na koyi ɗan Fillancin da nake ji yanzu. Shafukan baya na kayena cike suke da kalmomin da suka koya mini: zauna, duba nan, ka gane, kada ka ji tsoro. Na lura yaron da ya yi mako uku bai buɗe baki ba, ranar da malami ya gaishe shi da harshensa, ko da a karkace ne, sai ya yi dariya, daga dariyar nan kuma magana take farawa. Na kuma rubuta abin da ba na so in manta: kada a rufe ƙofar aji da ƙarfi, kada a buga sanda a kan tebur ba zato, don akwai wanda zai shige ƙarƙashin benci. Mu da muka yi karatu a zamanin sambal, lokacin da ake rataya wa yaro ƙashi ko katako a wuya don ya yi maganar gidansu a makaranta, mun san abin da ake ji in aka mai da harshenka laifi. Ba sai an yi mana lacca a kai ba.

Ga iyaye Hausawa kuma ina da magana, don kusan kowace shekara sai wani uba ya tare ni a ƙofar makaranta ya ce, mushe, na ji kana yi musu Hausa a aji, ni Faransanci na kawo shi ya koya. Ina fahimtar sa sarai. Takardar neman aiki da Faransanci ake rubuta ta, gasar shiga aikin gwamnati ma haka. Amsar da nake ba shi ita ce, Alhaji, minti biyu na Hausa ne suke sa ya gane minti arba'in na Faransancin. In ya ƙi yarda sai in ɗauko kayen ɗansa na watan Oktoba da na watan Maris in ajiye masa gefe da gefe. Yawanci a nan gardamar take ƙarewa. Abin da nake roƙon su shi ne su daina gaya wa yaro cewa karatun allo da na boko kishiyoyi ne, don a kan yaro ɗaya suke zaune, kuma na ga yadda ɗaya yake tallafar ɗaya.

Malamai masu rubutu ba baƙon abu ba ne a yankin nan. Nazi Boni, wanda littafinsa na 1962 ake lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko na ƙasar nan, malamin makaranta ne. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Ɗaliban makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal sun bar ɗaruruwan kaye-kaye a kan al'adun garuruwansu, har yau suna ajiye a cibiyar IFAN ta Dakar masu bincike suna amfana da su. Ni ban ce kowa ya zama marubuci ba. Abin da ya ragu a ajiyarmu shi ne labarin ajin kansa, daga bakin mai riƙe da alli.

Mu biyar ne yanzu a unguwar nan, daga makarantu uku, muke haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, kowa da kayensa. Mutum ya karanta shafi guda, sauran su tofa albarkacin bakinsu. A zaman da ya wuce wata malama Bagurma ta kawo yadda take haɗa sabon yaro da wanda ke jin harshensa a benci guda na wata ɗaya kawai, sannan ta raba su kafin su zama tsibiri. Uku daga cikinmu sun ce za su gwada a zangon nan, mu ga abin da kaye-kayen za su ce a ƙarshen Maris.